Dokar Kamfanoni da Amanar Manoman Kura da Bunkure

 

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, Allah ya buɗa wa jama'ar Kura da Bunkure ƙofar arziki: shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. Sai dai yawancin wannan dukiya da fatar baki ake juya ta. Mutum uku za su haɗa jari su sayi injin casar shinkafa ba tare da ko ƙyallen takarda ba. Ranar da ɗaya ya rasu, sai marayu su tarar babu hujja, zumunci ya ƙare a gaban alƙali.

A 1990 aka kafa dokar kamfanoni wadda ta haifar da hukumar rajista ta CAC. A watan Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwa wadda ta maye gurbinta. Sabuwar ta halatta wa mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani, alhali a da sai biyu. Ta kuma buɗe rajistar tarayya wadda wani zai zuba jari, wani ya gudanar, kuma asarar mai jari ba ta wuce abin da ya zuba.

Wasu 'yan'uwa na cewa wannan harkar boko ce. Mu muna ganin kuskure ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin shirka da ƙiradi da salam tun ƙarnuka. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta amince da kamfanin da alhakinsa ya tsaya a kan jarinsa, domin masu hulɗa da shi sun san haka tun farko. Ashe ke nan abin da doka ta kawo a makare, Shari'a ta riga ta karantar da mu, mu ne muka yi sakaci.

Amma rajista ba ta halatta haram. A ƙiradi riba kashi ce, kamar rabi ko sulusi, ba adadi yankakke ba. In aka yi asara ba da ganganci ba, mai jari ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Doka ba za ta tilasta wannan ba, dole mu rubuta shi a yarjejeniya da kanmu. Haka ɗan kasuwar da ke ba manomi kuɗi kafin girbi: in ya biya farashi nan take, aka fayyace nau'in shinkafa da ma'auni da lokaci, salam ne. In kuwa buhu ya bayar don ya karɓi biyu da kaka, riba ce tsagwaronta, ko da hatimin CAC a kanta. Wanda kuma ya fake da kamfani don ya danne bashi, ko ya hana mata da marayu gado, ko ya ɓoye wa zakka, ya sani a Lahira shi za a tambaya, ba kamfanin ba.

Saboda haka muna kira ga limamanmu su karantar da babin ciniki kamar yadda suke karantar da tsarki. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da masu casa su yi rajista, su kai yarjejeniyarsu gaban malami da lauya kafin sa hannu. Wanda ya rubuta ya huta, ya kuma hutar da magadansa.

Allah ya tsarkake mana abincinmu, amin.