Gigin Tsufa Ba Aikin 'Yar Shekara 12 Ba Ne

Haba jama'a! Mahaifiyarka ta fara gigin tsufa, ta manta sunan jikokinta, da asuba tana yafa mayafi wai za ta gidan babanta da ya daɗe da rasuwa, sai kawai ka kira dillaliya ta kawo maka yarinya daga ƙauye, 'yar shekara 12, ka danƙa mata Hajiya. Ka kama hanyar Abuja kana cewa ka sauke nauyi.

Wane nauyi ka sauke? Cutar ƙwaƙwalwa ce fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Mai ita takan rikice idan magariba ta doso, ta ƙi wanka, ta ɓoye tuwo a ƙarƙashin matashi, ta kunna risho ta manta. Mai jinya sai ta iya lallashi, ta san lokacin magani, ta san yadda ake juya tsohuwa a kan gado kada bayanta ya yi gyambo. Babba ma aikin nan yana sa shi kuka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar sata. Hajiya ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta manta, ta ce "yarinyar nan ce ta ɗauke". Likitoci sun san irin wannan zargi yana cikin alamun cutar. Amma sai 'ya'ya su taru su zane baiwar Allah, su riƙe 'yan kuɗin aikinta, su sa ta a mota. Bayan kwana biyu a tsinci ƙullin a cikin wanki, babu mai zuwa neman gafararta. Ku ji tsoron Allah!

Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Yarinyar da ke kwana tsaye a kan uwarku, nawa kuke ba ta? Ɗan abin ma hannun dillaliya yake fara bi.

Masu gulmar cewa wanda ya ɗauki mai jinya ya kasa riƙe uwarsa, su zo su kwana ɗaya da ita tukuna. Ku kuma 'ya'ya, ku kai ta likita ya duba ta, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mace babba wadda ta san jinya, ku biya ta hakkinta a kan kari, ku ba ta ranar hutu. Ranar hutun nan kuma ɗayanku ne zai zo ya shimfiɗa tabarma a ɗakin Hajiya.