Simsim: Ƙofofin da Ake Shirin Tsallakewa Ranar Sallah

Riɗi ba ya jira. Duk wanda ya taɓa yin kaka a Simsim, can kudancin jihar Gadarif a Sudan, ya san haka. In ya nuna a watan Oktoba, 'yan kwanaki ne tsakanin manomi da asara. Ko dai ya sami hannayen da za su yanke shi, a ɗaure dami-dami a jingine ya sha iska, ko kuwa kwanson ya buɗe da kansa, ƙwayar ta zube cikin tsagar baƙar laka, gumin wata huɗu ya koma abincin tururuwa. A irin wannan mako ba wanda yake tambayar ɗan ƙodago jam'iyyarsa, ba kuma mai tambayar direban babbar mota wa yake goyon baya a Khartum. Tambayar guda ce: yaushe za ka iso?

Mun ɗauko wannan zance ne saboda Sallah ta ƙarato. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a bakin damina, daidai lokacin da ake fafutukar man tarakta, ana gyaran garma, ana sintiri a Bankin Manoma neman bashin salam, wanda ake biya da amfanin gona. Kuɗin rago da kuɗin iri daga aljihu ɗaya suke fita, kuma aljihun ya rame tun da yaƙin soja da dakarun RSF ya karya darajar fam. Wannan lissafin kowa yana yin sa a fili. Akwai wani kuma da ake yi a zuci, a Simsim da cikin garin Gadarif inda da yawa daga masu manyan gonakin suke zaune: gidan wa zan shiga yawon Sallah, ƙofar wa zan tsallake.

Kowace unguwa tana da irin mutum biyun nan. Tare suka yi karatun allo, ɗaya ya yi wa ɗaya abokin ango, shekara da shekaru suna aron iri da buhu a tsakaninsu ba tare da takarda ba. Sai yaƙi ya zo. Ɗaya ya ce babu sulhu sai an murƙushe dakarun RSF, domin ya ga abin da suka yi wa dangin matarsa a Jazira. Ɗayan ya ce a tsagaita wuta ko ta halin ƙaƙa, domin ɗansa yana fagen daga kuma ba ya barci. A zauren WhatsApp na unguwa magana ta ja magana. Wannan ya kira wancan ƙahati, sunan da ake jifan 'yan ɓangaren farar hula da shi. Wancan ya rama da koz, wato ragowar mutanen tsohon shugaba Umar al-Bashir. Wani ya fice daga zauren, wani ya toshe lambar wani. Yau wata da watanni in sun haɗu a bakin masallaci sai sallama daga nesa, matansu kuma sun daina aika wa juna kwanon miya, yara suna kallo suna koyo.

Wannan jarida tana ganin a je gidan nan ranar Sallah. Muna kuma da dalilin da ya wuce kunya da al'ada.

Simsim ba tsohon gari ba ne da kakan kowa zai ce shi ya sari dajinsa shi kaɗai. A 1968 aka kafa hukumar noman inji ta Sudan, kuma Simsim ce aka fara sharewa da rancen Bankin Duniya, aka yanka ta gonaki manya-manya na fadan (ma'aunin fili) dubu ko fiye, bayan gwajin da aka soma a Gadambaliya tun shekarun 1940. Tarakta tana huɗa ta shuka, amma ba ta cire ciyawa, ba ta yankan riɗi. Hannu ke yin wannan, hannun kuma daga ko'ina ya zo: Darfur, duwatsun Nuba, Kudu, Habasha, da Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda hanyar aikin hajji ta ajiye kakanninsu a gabashin Sudan, wasu tun kafin yaƙin Burmi na 1903, wasu a ayarin da ya biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan shahadar mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru. 'Yan ƙodagon da ake kira jangu suna kwana a kambo ɗaya, wato sansanin leburori, suna cin tuwon dawa a kwano ɗaya. In ruwa ya sauka lakar nan tana riƙe tayar mota kamar ta rantse, sai hanya ta yanke, wanda maciji ya sara ko mace mai naƙuda ba su da asibiti mafi kusa da taraktar maƙwabci. Wuri ne da amana take da farashi a kasuwa. Wanda ya zubar da aboki a watan Yuni saboda gardamar waya, shi ne zai neme shi a Oktoba, ranar da riɗi ya fara fashewa.

Sai kuma wani abu da ya kamata mu dube shi da idon basira. Siyasar Sudan ta saba zuwar wa mutane da makoki a ranakun da suka tanada don murna. Ranar 3 ga Yunin 2019, jajibirin Ƙaramar Sallah, aka tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum, aka kashe mutum fiye da ɗari a ƙidayar likitoci. A Yulin 2022, naman layya bai ƙare a gidaje ba rikici ya ɓarke a jihar Bulu Nayil tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu kan batun sarauta da ƙasa. Sama da mutum 100 suka mutu cikin 'yan kwanaki, Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum, a watan Oktoba kuma wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi da muni fiye da na farko. Yaƙin da ake ciki ya fara ne ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, aka yi Idi da ƙarar jirage a sama. A ƙarshen Yunin 2024, mako biyu bayan layya, garin Sinja ya faɗa hannun RSF, mutane suka kwararo Gadarif da ƙafa cikin ruwa da taɓo, suka tarar da waɗanda suka rigaye su gudowa daga Wad Madani tun Disambar 2023.

A duk waɗannan ranaku, wa ya buɗe ƙofa? Ba shugabannin da ake ɓata zumunci dominsu ba ne. Makarantun Gadarif sun cika da 'yan gudun hijira, gidaje suka ninka bakin da suke ciyarwa, matasa suka kafa tukwanen takiyya, wato girkin sadaka, a bakin titi suna dafa wake da adas, kuma ba mu ji an tsayar da mai riƙe da kwano an tambaye shi ra'ayinsa kan shugaban soja Burhan ko jagoran farar hula Hamdok ba. Mutanen da suka tsira a Rusairis da Damazin na Bulu Nayil a 2022 ba za su manta da wanda ya tsaya musu ba, ba kuma za su manta da wanda ya sunkuyar da kai ba. Mu Hausawa, da aka sha tambayarmu takardar asali a ƙasar da kakanninmu suke kwance a maƙabartunta, ya kamata mu fi kowa sanin tsadar aboki daga wata ƙabila, da kuma haɗarin barin siyasa ta tsinka mu gida-gida a junanmu.

Kada a ɗauka muna cewa a rufe baki ne. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Kisan da aka yi a Wad an-Nura a Yunin 2024 da ƙauyukan gabashin Jazira a Oktoban shekarar laifi ne da ba ya wankuwa, kuma dakarun RSF ne suka aikata shi. Kisan da aka yi wa mazauna kambo a Jazira a Janairun 2025, bisa zargin wai sun haɗa kai da maƙiyi, shi ma laifi ne, kuma mayaƙan da ke ɓangaren soja aka ɗora wa alhakinsa. Wanda yake iya faɗin ɗaya ya kasa faɗin ɗayan, abokinsa ne ya fi cancanta ya gaya masa, a zaure, da shayi a hannu, ba a zauren waya gaban mutum ɗari biyu ba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma addini bai ba Musulmi izinin ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, ballantana shekara.

Iyaka ɗaya muke ja, kuma muna ja ta da ƙarfi. Saɓanin ra'ayi daban, nuna yatsa daban. A yau kalmar muta'awin, wato mai haɗa baki da maƙiyi, tana iya kai mutum kurkuku, tana iya kai shi kabari. Wanda ya ɗauki gardamar da aka yi a kan tabarma ya kai wa jami'an tsaro, ko ya yaɗa hoton maƙwabcinsa da wannan suna saboda rikicin iyakar gona ko tsohon bashi, ya fita daga sahun masu saɓani ya shiga sahun masu cin amana. Irin wannan ba a wanke shi da "a yafe mini" na filin Idi. Sai ya koma inda ya kai ƙarar ya janye ta, ya tsaya gaban waɗanda suka ji ƙazafin ya ƙaryata kansa. Muna kira ga limamai da masu unguwanni a yankin Simsim su faɗi wannan a huɗuba da sunansa, domin wa'azin zumunci na gama-gari kowa yana jin sa ya ɗauka da maƙwabcinsa ake. Hukumomin jihar Gadarif kuma su sani cewa tsare ɗan ƙodago a shingen hanya saboda launin fatarsa ko lafazin harshensa, abin da jama'a suka laƙaba wa suna dokar baƙin fuska, ba ya kama ɗan leƙen asiri. Abin da yake yi shi ne korar hannayen da za su yanke riɗin da jihar take taƙama da shi a kasuwarta.

Tun da zancen bukukuwa ake, mu tuna cewa ba mu kaɗai ke da su ba. Leburorin Habasha da suke tsallako iyaka ta Galabat lokacin girbi suna bikin haihuwar Annabi Isa ranar 7 ga Janairu, dawa na kan masussuka, nesa da iyalansu. Haka 'yan Tigray da ke sansanin Um Rakuba tun Nuwamban 2020. Mai gonar da ya biya su haƙƙinsu kafin ranar, ya bar su su huta, bai rage komai daga addininsa ba.

Ga wanda har yanzu yake jin nauyin ƙafa, al'adar Sudan ta riga ta sauƙaƙa masa hanya. Da an sauko daga Idi an yanka rago, kafin hantsi ya dubi ludayi tiren marara ya fito: hanta da huhu da tumbi an yanka ƙanana, an matse musu lemun tsami, ga albasa, ga barkono da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Bayansa shayya mai zafi daga kan garwashi, a gidajen Hausawa kuma agashe, tsiren da kakanninmu suka koya wa Sudan duka har ya zama nata. Tiren nan ba a cin sa mutum ɗaya. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, duk wanda ya gifta a kira shi. Ba a buƙatar dogon jawabi. Mutum ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya dafa kafaɗar abokinsa kamar yadda ake gaisuwa a can, ya ce, "Al-afu wal-afiya, Malam. In na saɓa maka ka yafe mini." Da wuya ka ji amsar da ta wuce, "Ni ma haka, ɗan'uwa. Bismillah, zauna." Gardamar tana nan ba ta mutu ba, za a koma mata bayan an sha sharbot, wataƙila da zafi. Amma za a yi ta ne tsakanin mutum biyu da hannunsu ya haɗu a tire ɗaya.

In kuwa ƙafar ta ƙi ɗaguwa a ranar farko, akwai kason naman da shari'a ta so a ba maƙwabta da abokai. A zaɓi cinya mai kyau, a sa a kwano a rufe, a ba ƙaramin yaro, a ce masa, "Kai wa Baffanka, ka ce ina gaishe shi, ina nan tafe da la'asar."