Ƙurɗuba a lokacin hunturu

'Ya'yanmu na Nima da Maamobi mazauna Sifen kan aiko mana hotunan filin ƙwallon Real Madrid, amma na Ƙurɗuba shiru kake ji. Alhali can aka haifi Alfazazi, mai Ishiriniyar da muke rerawa kowane Mauludi.

Shawararmu su je cikin Janairu. Sanyi ya kori 'yan yawon buɗe ido, kuɗin masauki ya sauka, mutum ya tsaya a natse tsakanin ginshiƙan masallacin da Abdurrahman Addakhil ya soma ginawa wajen 785. Tun 1236 ya koma coci, masu gadi kuwa ba sa barin a yi salla ciki, sai a sallata kafin a shiga. A riƙo hannun yaran da aka haifa can, su suka fi bukatar gani.