Ƙaryar 'Yan Siyasa Ba Ta Tsallake Kwanon Dawanau

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, sojojin baka sun fara wasa harsuna a gidajen rediyon Kano. Ni dai ra'ayina ɗaya ne: duk ɗan siyasar da ya ce ya wadata ƙasa da abinci, a kama hannunsa a kai shi kasuwar Dawanau, ya tsaya gaban mai awo ya maimaita.

Dalilina kuwa, ai mun gani da idonmu. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi. A 2019 aka rufe iyakoki, aka ce mu ci abin da muka noma. A watan Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja, aka yi ta hotuna, aka ce dalar gyaɗar Kano ce ta dawo. To madalla. Amma buhun shinkafar da ake saye wajen naira dubu 10 a 2015, ya haura dubu 70 a 2024. Ina dalar ta shiga? Wa ya ci?

Za a ce mini cire tallafin mai da Shugaba Tinubu ya yi ranar 29 ga Mayun 2023 ne ya jawo, da faɗuwar naira, da 'yan bindigar da suka kori manoma daga gonaki. Na yarda duk suna ciki. Amma tun kafin 2023 farashin ke hawa, masu tallar kuma ba su fasa cewa an samu sauƙi ba.

A nan nake ganin laifin gidajen rediyonmu. Mutum zai biya kuɗin fili, ya zauna ya ce maigidansa ya raba taki tirela kaza, ya haƙa rijiyoyi kaza, mai gabatarwa na jin sa bai ce uffan ba. Haba malam! Tambaya uku kacal ake bukata: nawa ne, a wane gari, yaushe? Sai a tura ɗan rahoto ya je ya gani. Daga Kano zuwa Dawakin Tofa ba tafiyar kwana ba ce.

Akwai masu wannan aiki, irin su Dubawa da aka kafa a 2018, da Africa Check. Sai dai galibin aikinsu a intanet yake, manomin Dawanau kuwa rediyo ce a rataye a kafaɗarsa. Ƙarya na zuwar masa da Hausa kullum dare, gyaranta kuma ba ya isowa.

Don haka, mai karatu, kada ka jira kowa. In ɗan takara ya zo ƙofar gidanka, tambaye shi nawa kwanon masara yake yau. In bai sani ba, ka san da wa kake magana. In ya sani, ya faɗa maka abin da zai yi, da ranar da za ka zo ka tuhume shi.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kunyar ƙarya, amin.