Tsutsar Ganye da Nauyin Auduga a Sikeli

Tsutsotsin da ke cin ganyen auduga ba iri ɗaya ba ne, kuma manomi a yankin Funtuwa, Malumfashi ko Gusau yakan gane su ta irin ɓarnarsu tun kafin ya gan su. Akwai mai naɗe ganye, wadda ke murɗe ganyen kamar mazurari, ta ɗinke shi da zaren bakinta, ta shige ciki tana ci. Idan aka warware ganyen, sai a tarar da koriyar tsutsa tana mutsu-mutsu cikin baƙin kashinta. Akwai wata koriya mai tafiya tana gantsare baya, wadda ke cinye tsokar ganye ta bar jijiyoyi kawai. Ta uku ita ce wadda ta addabi manoman Masar: uwarta, wani malam-buɗe-littafi mai yawon dare, tana saka ƙwai ɗaruruwa wuri guda a bayan ganye ta lulluɓe su da gashin jikinta. Manyan tsutsotsinta da dare suke kiwo, da rana kuwa su ɓuya cikin ƙasa a gindin shuka. Shi ya sa a Masar aka daɗe ana tura yara gona su tsince ƙwan da hannu.

Girman asarar ya danganta ne ga lokacin da tsutsa ta sauka, fiye da yadda gonar ta yi muni a ido. Ganye shi ne madafar shuka; a cikinsa hasken rana da ruwa da iska ke komawa abinci. Kafin auduga ta fara fure, tana jure rashin wani kaso na ganyenta, domin takan yi sabon toho ta maye gurbi. Ganye mai huji-huji a wannan lokaci ya fi tayar da hankalin mai gona a kan rage masa amfani.

Daga fure zuwa cikar ƙwallo ne abin ke yin tsanani. Kowane ƙwallon auduga yana samun kaso mai tsoka na abincinsa daga ganyen da ke kusa da shi a reshe. Idan tsutsa ta cinye wannan ganye, shukar takan zubar da furanni da ƙananan ƙwallaye. Waɗanda suka tsira sukan fashe ba su gama cika ba, zarensu gajere marar ƙwari, anguryarsu shafal. Buhu zai cika a ido, amma a sikelin mai saye sai a ga ba nauyi, a gidan gurza kuma darajarta ta faɗi. Bayan ƙwallaye sun nuna kuwa, rashin ganye ba ya cutarwa. A Amurka ma da gangan ake kakkaɓe shi da magani kafin injin tsinka ya shiga gona.

Gudun ɓarna a lokacin fure ne ya sa malaman gona ke nanata shuka da wuri, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Sai dai manomi yakan fara da hatsin da gida zai ci, audugar ta zo a makare, furenta ya yi karo da lokacin da tsutsa ta riga ta hayayyafa. Kuɓewa da rama, 'yan gida ɗaya da auduga, sukan zama mafakar mai naɗe ganye, haka ma karan da aka bari tsaye bayan kaka ba a tumɓuke an ƙone ba.

Feshi na da amfani idan an yi shi da yamma, tsutsa na ƙarama, bayan an zaga gona an duba bayan ganye. Feshin gaba-gaɗi yana kashe gizo-gizo da zanzaro masu farautar tsutsa. A Jazira ta ƙasar Sudan, yawan feshi ya taimaka wajen ɓarkewar farin ƙuda a ƙarshen shekarun 1970, har auduga ta riƙa danƙo tana rasa kasuwa.

A 2018 Najeriya ta amince da irin auduga na Bt, wanda aka gwada tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Ganyensa na ɗauke da sinadarin da ke kashe tsutsar da ta ci shi, amma ba ya taɓa ƙwari masu tsotsar ruwan shuka, irin su darɓa da farin ƙuda.