Kayan Marmari a Kwalliyar Biki: Ado ne ko Almubazzaranci?

Duk wanda ke halartar bukukuwan aure a wuraren taro na Rayfield, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, ya san wani yayi da ya shigo. Masu ƙawata wajen biki ba su tsaya ga fure kaɗai ba, sai su haɗa shi da kayan marmari. Za ka ga an yanka lemo an jera cikin tulun gilashi mai ruwa, an soke tuffa da tsinke an cusa tsakanin furannin wardi, ga inabi yana reto a gefen teburin amarya. Abin yana da kyawun gani, babu musu. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: in an watse, ina waɗannan 'ya'yan itatuwa suke zuwa?

Ba abin mamaki ba ne wannan yayi ya sami gindin zama a Jos. Garin yana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyinsa ya sa ake noma abubuwan da ba sa yi a Kano ko Sakkwato, kamar sitiroberi da furen wardi. Ita kuwa Rayfield unguwa ce ta masu hali, ga Gidan Gwamnati, ga tafkin shaƙatawa da ya samo asali daga tsohon ramin haƙar kuza. Salon kansa baƙo ne. Tun ƙarni na 15 masu sassaƙa na gidan Della Robbia a Italiya suka shahara da zagaye ayyukansu da siffar ganye da lemo da inabi. Sai dai nasu na yumɓu ne, ba ya ruɓewa.

A ra'ayina, yadda ake yin abin a yanzu asara ce ta fuska uku. Ta farko, kayan marmari da fure ba sa ga maciji. Tuffa da ayaba da mangwaro in suna nuna sukan fitar da wata iska da masana ke kira itilin, wadda ke sa fure ya yi yaushi ya kaɗe da wuri. Wato mai biki ya sayi abu biyu da tsada, ɗaya yana kashe ɗaya.

Ta biyu, furen sayarwa ba don ci ake noma shi ba, saboda haka akan fesa masa maganin ƙwari. Tuffar da aka huda aka cusa cikinsa, ko lemon da ya wuni a ruwan tulu, bai dace a ba yaro ba. Ƙarshensa bola.

Ta uku ita ce mafi nauyi. A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya lalacewa yake yi ko a zubar. Wanda ya leƙa kasuwar Farin Gada da yamma ya ga kayan gwarin da ke ruɓewa saboda rashin ɗakin sanyi. Shin ya dace mu ƙara da namu da gangan, alhali a bakin ƙofar wajen bikin akwai yaran da sai su yi wata ba su ɗanɗana lemo ba? Masallaci da coci duk sun yi hani da almubazzaranci.

Wani zai ce ai kuɗinsa ne, kuma manomi ya sami kasuwa. Gaskiya ne manomi ya sayar, amma da an ci abin ma ai ya sayar. Cinikin bai dogara ga zubarwa ba.

Mu ɗalibai masu nazarin harshe, mu dubi sunan da Bahaushe ya ba su: kayan marmari, wato abin da rai ke kwaɗayin ci. Bahaushe ya san ado da abinci tun da can. Dubi yadda ake jera alkaki da nakiya da dubulan a garar amarya, a rufe da faifai mai launi. Ido ya more, sannan a raba wa dangi da maƙwabta.

Saboda haka ba cewa nake a daina ba, gyara nake nema. A bar 'ya'yan itace ɗungurungum, kada a huda, kada a yanka. A zuba su a kwando ko akushi daban, fure kuma a tulunsa. A jera su da safiyar biki, ba tun jajibere ba. Tun wajen ciniki mai biki ya gindaya wa mai kwalliya sharaɗin cewa in an tashi za a wanke su a raba wa baƙi da ma'aikatan wurin. In an yi haka, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.