Abin da matan Matamaye ke yabo a haihuwar gida

Ku tambayi iyayenmu mata a Matamaye, ko Kance, ko Dungu, wace haihuwa suka fi tunawa da daɗi. Da yawa za su ce ta gida. Mu ƴan boko mukan yi saurin cewa jahilci ne. To, ƴan uwa, kafin mu yanke hukunci mu saurari abin da suke yabo.

Mace za ta ce maka a ɗakinta ta durƙusa, yadda jikinta ya fi so. Uwarta ko gwaggonta na riƙe da ita. Ungozomar ta san ta tun tana yarinya, da sunanta take kiranta. Ba wanda ya daka mata tsawa, ba baƙon ido a kanta. Tana sauka ga ruwan zafi, ga kunu, an binne mabiyiya a cikin gida yadda aka gada. Mai cikin fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta ta fi kowa sanin wannan gata. In ka tattara yabon nan duka, mutunci ne da sirri da hannun da aka saba da shi.

Sai dai akwai wadda ba a ji daga bakinta. Wadda jini ya ɓalle mata bayan ta sauka ba ta nan balle ta ba da labari. Zubar jini na iya kashe mai jego cikin awa biyu. Jijjiga ba ta sallama. Doguwar naƙuda takan tafi da jariri, ta bar uwa da yoyon fitsari. Ungozoma, komai ƙwarewarta, ba ta da jinin ƙari, ba ta tiyata. Ku auna dare na damina a wani ƙauyen Kurni ko Yawuri: a nemo amalanke ko kabu-kabu, a kai CSI, daga nan asibitin Matamaye, in abin ya faskara a miƙa Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 80. Haihuwar gida takan zo da sauƙi, alhamdulillahi, amma ba mai sanin ranar da za ta juya.

To me ke hana mata zuwa likita? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna haihuwa 3 cikin 10 kawai ake yi a asibiti a Nijar. Kuɗi na cikin dalilai, an kuma taɓa su: tiyatar haihuwa kyauta ce tun zamanin Tandja, sannan a watan Agustan 2024 gwamnati ta ce haihuwa ma kyauta ce a asibitocinta. Saura hanya da tarba. Tun 2003 Yannick Jaffré da Olivier de Sardan suka fitar da littafi kan rashin kyakkyawar tarba a asibitocin biranen Afirka ta Yamma biyar, har da Yamai. Mun san ma'aikaciya ɗaya kan kwana tsaye a kan mata da yawa, wani lokaci da fitilar salula. Gajiyarta gaskiya ce. Amma matar da aka wulakanta sau ɗaya ba ta komawa, kuma sai ta hana ƙanwarta.

Abin da iyayenmu ke yabo, likitocin duniya ma sun yarda da shi. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya tsaya mata, a bar ta ta haihu a yanayin da ta fi so, har da durƙuso. Nijar kanta ta gwada bin mata inda suke: ana ba mai ciki ƙwayar misoprostol wajen awon ƙarshe, ta sha bayan fitowar jariri in haihuwa ta riske ta a gida. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna shirin da wannan ƙwaya ke cikinsa ya rage mutuwar zubar jini da fiye da rabi.

Don haka ga abin da muke nema a gidajen haihuwa na Matamaye da kewaye. A sa labule tsakanin gadaje. A bar uwa ko ungozoma ta shiga da mai naƙuda. Wadda ta ce durƙuso take so, a bar ta. A miƙa wa dangi mabiyiya ba tare da tsangwama ba. Kwamitin kula da kowane CSI ya buɗe hanyar kai ƙara, kuma a riƙa ba da amsa.

Mu ma da namu aikin. A jiharmu ta Damagaram aka fara makarantar mazaje, bai dace a ce mazanmu ne ke hana awo ba. Kai da matarka ke da ciki, ka ajiye lambar mai mota da ƴan jikkuna tun wata na bakwai, ka bar izini a gida ko ba ka nan. Ke kuma ƴar uwa, in kin ga jini, ko kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta wuni ba labari, kada ki tsaya kunya.

Ku gaya mana, a CSI na unguwarku ana barin uwa ta shiga da ɗiyarta?